Zangon da Ya Ƙi Tashi

Zango wurin kwana ne, ba wurin zama ba. Haka fatake suka san shi tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano ya nufi Gwanja neman goro. In rana ta yi sanyi, jakuna sun gaji, madugu ya hangi wuri mai ruwa da inuwa ya ce a sauke, sai a ce an yada zango. A kwance mangala, a ɗaure dabbobi, a hura wuta, a aika wa mai ƙasar da gaisuwa don a kwana cikin aminci. Da asalatu kuma a ɗaura kaya. Ba a dasa itace a zango, ba a haƙa rijiya mai zurfi, domin wanda zai sha inuwar da ruwan ba ya cikin tafiyar.

Kalmar ta daɗe da barin bakin fatake ta bazu ko'ina. 'Yan makaranta suna da zangon karatu, na farko da na biyu da na uku. Mai mulki yana neman zango na biyu. Masu karanta labarai suna maganar makami mai cin dogon zango. Masu wa'azi da mawaƙan gargaɗi su suka fi kowa riƙe ta, su da ke tuna mana cewa duniya zangon fatake ce, wasu na sauka wasu na ɗaura kaya. A bakin kowannensu abu ɗaya take nufi, wato ɗan lokaci mai iyaka tsakanin tashi da tashi.

Abin da ya hana ni sakin kalmar shi ne ƙasa cike take da zangunan da ba su tashi ba. Ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf, ga zangunan Kumasi, ga Sabon Zango na Accra. Wani ya sauke kaya da niyyar kwana biyu, jikokinsa suka buɗe ido ba su san wani gida ba sai nan. Yaushe ne wurin kwana yake zama gari? Ranar da aka haƙa rijiya, ko ranar da aka yanka ragon suna na farko? Ni na fi zaton ranar da aka binne mutum na farko ce. Mai kabari a wuri ba ya barinsa da zuciya ɗaya.

A tsakiyar dajin Chaco, a yammacin ƙasar Paraguay ta Kudancin Amurka, akwai wani gari da ake kira Loma Plata. Yau yana da masana'antar madara da mayanka da asibiti da makarantu. A 1927 sansanin tantuna ne kawai a bakin hanyar amalanke, inda wasu manoma da suka taso daga Kanada suke zaune suna jiran a auna musu filin da suka riga suka biya. Suna magana da wani karin Jamusanci mai suna Plautdietsch, matansu na sanye da dogayen riguna masu duhu da kallabi, kuma babu bindigar yaƙi ko ɗaya a cikin kayansu. Mabiya Menno ne, Menonawa, kuma wannan ba shi ne zangonsu na farko ba. Shekara 400 ke nan suna sauka suna tashi.

Mafarin tafiyar wani ɗaki ne a birnin Zurich na Suwizalan, daren 21 ga Janairu, 1525. Wasu samari da suka fara bin gyaran addinin Kirista na Ulrich Zwingli, suka ga bai kai inda suke so ba, suka taru a gidan mahaifiyar Felix Manz. A nan George Blaurock ya roƙi Conrad Grebel ya yi masa baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Dukkansu an riga an yi musu baftisma suna jarirai, amma suka ce wannan ba ta ƙirgu ba, domin bangaskiya sai da hankali da zaɓin kai. Daga baya abubuwa biyu suka ƙara bayyana a koyarwarsu: mai bi ba ya rantsuwa, maganarsa ta isa, mai bi kuma ba ya ɗaukar makami ya kashe ɗan'adam, ko da sarki ne ya umarce shi.

Mai karatu na yau zai iya ganin waɗannan a matsayin saɓanin malamai. A Turai ta wancan zamani ba haka ba ne. Da baftismar jariri ake shigar da mutum cikin jama'ar gari, da rantsuwa ake ɗaure shi ga hukuma, da takobi yake biyan haƙƙin zama a bayan ganuwa. Wanda ya ƙi ukun nan ya mai da kansa baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Menonawa sun zama baƙi tun kafin su ɗaura kaya. Ranar 5 ga Janairu, 1527, hukumar Zurich ta ɗaure Felix Manz ta nutsar da shi a kogin Limmat. A 1536 wani limamin Katolika na yankin Friesland a Holan, Menno Simons, ya ajiye muƙaminsa ya shiga cikinsu, ya shafe sauran rayuwarsa yana ɓuya yana rubutu yana tattara waɗanda suka warwatse, har sunansa ya bi su.

Akwai labari ɗaya da kowane yaro a gidajensu ya sani. A 1569 an tsare wani mai suna Dirk Willems a garin Asperen saboda wannan aƙida. Ya samu ya tsere, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar. Yunwar kurkuku ta rage masa nauyi, ƙanƙarar ta ɗauke shi. Mai binsa kuwa da ya taka sai ta fashe da shi, ya shiga kururuwa cikin ruwa. Dirk ya riga ya haye, hanya a buɗe take a gabansa. Ya juyo, ya miƙa hannu ya ciro mutumin. Nan take aka sake kama shi, kuma a watan Mayu na shekarar aka ƙone shi da ransa. Duk abin da zan faɗa a kan jikokin wannan aƙida, ina faɗarsa ne da wannan juyowar a raina, domin da ita suka ce a auna su.

Daga Holan da yawansu suka gudu gabas zuwa fadamun bakin kogin Vistula, kusa da Danzig, inda masu ƙasa ke neman waɗanda suka iya tare ruwa da madatsai su busar da dausayi. Suka yi fiye da shekara 200 a can. Da yankin ya koma hannun Prussia, ƙasar da ke ƙidaya gonaki da yawan sojan da za su bayar, sai aka hana su ƙara sayen fili. A daidai lokacin Sarauniya Catherine ta Rasha tana neman manoma. A 1789 suka kafa Chortitza a bakin kogin Dnieper, a Yukren ta yau, a 1804 kuma Molotschna. A 1800 Sarki Paul ya ba su takardar alfarma: ba aikin soja, ba rantsuwa, addininsu nasu ne har abada. Wannan har abada ta kai shekara 70 da 'yan kai. Da Rasha ta kawo dokar aikin soja ga kowa a 1874, kimanin mutum 18,000 suka haye teku zuwa Amurka ta Arewa, kusan 7,000 daga ciki suka sauka a lardin Manitoba na Kanada, riƙe da wata sabuwar wasiƙar alkawari da gwamnatin Kanada ta rubuta musu a 1873.

Bahaushe ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Su kuwa in kiɗa ya canza sai su bar dandalin. Amma akwai abin da ke maimaita kansa a kowace sauka, wanda tsofaffin littattafan tarihinsu ba su cika tsayawa a kansa ba. Sarkin da ke ba su takarda yana da filin da yake so a cike masa, kuma sau da yawa filin bai daɗe da fita daga hannun wasu ba. Chortitza ƙasar mayaƙan Cossack ce da Rasha ta rushe sansaninsu a 1775. A Molotschna makiyayan Nogai ne ke kiwo. A Manitoba shekara uku kacal ke tsakanin yarjejeniyar da aka karɓi ƙasa daga Anishinaabe da Cree a 1871 da isowar jirginsu na farko. Gaisuwar da ayarin ya aika ta isa fada, amma ba ta isa bukkar wanda aka tasa ba.

A Kanada alkama ta karɓe su. Suka gina gidajen katako haɗe da turken dabbobi, suka tara dawakai da injuna. Abin da ya sake tayar da su ba yunwa ba ce, makaranta ce. A 1916, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Manitoba ta soke koyarwa da kowane harshe sai Ingilishi, ta wajabta kai yara makarantar da gwamnati ta yarda da ita. Makarantar Menonawa ɗaki ɗaya ce a tsakiyar ƙauye, inda yaro ke koyon karatu da rubutu da lissafi da tambayoyin addini, ya sauke a kan Littafi Mai Tsarki da Jamusanci. Sabuwar makarantar tana da tuta a ƙofa da darussan kishin daular Ingila. Iyayen da suka ƙi aka ci su tara, aka kwashe wa wasu dabbobi, aka ɗaure wasu. Duk uban da ya taɓa tsayawa a ƙofar makaranta yana tunanin wane irin mutum za a dawo masa da shi ya san wannan fargaba. A 1922 dubbai suka fara tafiya Meziko. Wasu kuma suka zuba ido can ƙasa, inda ba su zaci hannun kowace gwamnati zai kai ba.

Wakilansu sun shiga Chaco a 1921, a ƙarshen damina, suka ga filayen ciyawa kore shar a tsakanin kurmin ƙaya, suka koma da labari mai daɗi. A watan Yulin shekarar majalisar Paraguay ta zartar da Doka ta 514, wadda ta ba su duk abin da suka roƙa: ba aikin soja, ba rantsuwa, makarantunsu da harshensu, har da ikon raba gado bisa al'adarsu. Paraguay na da dalilinta. Tana jayayya da Bolibiya kan wanda ya mallaki Chaco, kuma ƙauyukan manoma masu riƙe da takardarta sun fi kowace taswira ƙarfin hujja. Filin kansa, kimanin hekta 55,000, an yanko shi ne daga mallakar kamfanin Carlos Casado, wani attajirin Ajantina da ya sayi sama da hekta miliyan 5 na Chaco a shekarun 1880, lokacin da gwamnatin da yaƙi ya talauta take sayar da ƙasa a kan takarda.

Ayarin farko ya bar Manitoba a watan Nuwamba na 1926, ƙanƙara ta rufe gonaki. Ya sauka a tashar Puerto Casado, a bakin kogin Paraguay, a kwanakin ƙarshe na Disamba, tsakiyar bazarar can, inda zafi ke haura digiri 40. Cikin watannin da suka biyo baya adadinsu ya kai kimanin 1,750, ƙarƙashin jagorancin shugaban ikkilisiyarsu Martin C. Friesen. Suka tarar layin dogon da aka ce zai kai su filinsu bai wuce kilomita 77 ba, siririn layi ne na ɗauko gungumen itacen da ake tatsar sinadarin jima a jikinsa. Filin yana da nisan kusan kilomita 200 daga kogi, kuma ba a ko auna shi ba. Aka jera su a rumfunan kwano da tantuna a bayan masana'anta, aka ce su jira. Jiran ya kai wata 16.

A cikin wannan jira zazzaɓin taifot da atuni suka shiga. Mutanen da suka saba da ruwan rijiya mai sanyi suna shan ruwan kududdufi, abincin da suka sani yana lalacewa kafin yamma, kuɗin gonakin da suka sayar yana ƙarewa a sayen gari. Kimanin mutum 170 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin goma, kuma akasarinsu ƙananan yara ne. Nan ne labarin ya fi yi mini nauyi. Saboda yaran aka taso. Don kada a raba su da harshen addu'ar iyayensu aka sayar da gonaki masu albarka, sai ga iyayen suna haƙa musu ƙananan kaburbura a ƙasar da ba su san sunan itatuwanta ba. Fiye da mutum 300 suka ce sun gaji, suka koma Kanada, kuma ban ga mai bakin zarginsu ba. Sauran suka sayi shanun noma, su da suka saba da dawakai, suka koyi ɗaura musu karkiya, suka kutsa daji da amalanke. A kan hanya suka yi sansanoni inda aka sami ruwa: Pozo Azul, Hoffnungsfeld, Palo Blanco, Loma Plata. A kowanne sun bar kabari.

A 1928 aka raba fili, suka kafa ƙauyuka 14, aka kira yankin Menno. Kowane ƙauye titi ɗaya ne miƙaƙƙe, gidaje na fuskantar juna, makaranta a tsakiya, kamar yadda yake a Manitoba, kamar yadda yake a bakin Dnieper. Sunayen ma da su aka zo: Osterwick, Chortitz, Halbstadt, sunayen da suka riga suka haye teku sau ɗaya. Sai dai ƙasa ba ta karanta suna. Alkama ta ƙi. Ciyawar nan kore da wakilai suka gani ashe mai ɗaci ce, shanu ba su son ta in ta ƙosa, sai dai a yi jinka da ita. A haƙa rijiya a sha wuya, a tarar da ruwan zartsi. Iskar arewa takan taso da zafi da yashi ta kwana uku tana busawa, ga fara, ga tururuwa masu yanke shuka a dare ɗaya. Abin da ya tsayar da su da rai shi ne dawa. Matan da suka gaji gasa farin burodi daga kakanninsu suka koyi niƙa dawa su gauraya da ɗan garin alkamar da aka sayo, suka koyi gyaɗa da dankali da wake da kankana, mazan kuma suka koma noman auduga don samun ɗan kuɗi. Akwai wani itace a dajin mai tumbi kamar tulu, cikinsa taushi gare shi. Shi suke rarakewa su yi kwamin shayar da dabbobi, a shekarun annoba kuma da katako ya yi wuya, shi ne akwatin gawa.

Ba su daɗe su kaɗai ba. 'Yan'uwansu da suka rage a Rasha sun shiga hannun Stalin. A 1929 dubbai suka bar gonakinsu suka taru a bayan birnin Mosko suna roƙon izinin fita. Ƙasa da 6,000 suka samu suka isa Jamus, sauran aka cusa su a jiragen ƙasa aka mayar, wasu zuwa gudun hijirar dole. Kanada ta rufe ƙofa. Kwamitin agajin Menonawan Amurka ya kawo kimanin 1,500 Chaco a 1930, suka kafa Fernheim da garinta Filadelfia, taifot ya ɗauke musu sama da 90 a shekarar farko. A 1932 wasu suka iso ta hanyar Harbin ta ƙasar Sin, cikinsu har da mutanen ƙauye guda da suka haye daskararren kogin Amur da dare. A 1947 aka kafa Neuland, inda gidaje da yawa mata ne ke riƙe da su, domin an kwashe mazan a kamen Stalin na 1937 da 1938 ko yaƙi ya ci su. Kewar gida da ƙin kwaminisanci sun ja wasu mutanen Fernheim ga son Jamus ta Hitler a shekarun 1930, abin da ya raba ikkilisiya biyu har ya kai ga doke-doke a 1944. Tabo ne, kuma masana tarihinsu na baya-bayan nan ba su ɓoye shi ba.

Yaƙin da suka tsallaka rabin duniya don guje masa ya iske su a ƙofar gida. Daga 1932 zuwa 1935 Paraguay da Bolibiya suka gwabza a kan Chaco, aka rasa rayuka kusan 100,000, da yawa ƙishirwa ce ta kashe su ba harsashi ba. Daga ƙauyukan ana jin ƙarar igwa a Boquerón. Menonawa ba su ɗauki bindiga ba, dokar ta tsaya musu. Amma sojojin Paraguay sun sha daga rijiyoyinsu, sun sayi burodinsu da ƙwai da madara, amalankensu sun yi dakon kaya, kuma wannan ne karon farko da kuɗi ya zagaya a hannunsu sosai. Da aka zo raba iyaka, zamansu a wurin yana cikin abin da ya ƙarfafa hannun Paraguay.

Duk wannan labarin na ba da shi kamar dajin babu kowa, kuma haka takardun Casado suka nuna. Akwai mutane. Enlhet ne ke farauta da tsince-tsince da ɗan noma a daidai filayen da aka auna, suna da sunan kowane tafki da kowane fako. An sayar da ƙasarsu a birnin da ba su taɓa gani ba, shekara 40 kafin wani ya zo ya kafa turke. Sun karɓi baƙin ba tare da faɗa ba, sun nuna musu inda ruwan daɗi yake kwance a ƙarƙashin yashi, sun kawo musu naman daji, sun sare musu kurmi. Sai yaƙi ya zo da sojojin da ke harbinsu bisa zargin leƙen asiri, agana ta biyo baya ta share zuri'a bayan zuri'a. Waɗanda suka tsira suka matso kusa da ƙauyukan baƙin don neman tsaro da abinci, suka zama 'yan ƙodago a inda suke farauta jiya. Nivaclé ma suka taho daga kogin Pilcomayo don tsinkar auduga, suka zauna. Tsofaffin Enlhet sun ba da wannan labari da bakinsu da harshensu, Ernesto Unruh da Hannes Kalisch suka tattara shi, kuma wanda ya karanta tarihin Menno bai saurari nasu ba ya ji rabin zance ne.

Baƙo raɓa, ɗan gari kaba, in ji masu iya magana. Raɓa da hantsi ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta an ƙone, saiwarta na nan. A Chaco maganar ta juye. Baƙon ne ya yi saiwa, da takardar mallaka da shingen waya, ɗan garin ya koma mai neman izinin wucewa. Ba na cewa Menonawa sun zo da mugun nufi. Mutane ne da aka kora, suka biya kuɗin fili da gumin goshinsu, suka binne 'ya'yansu a kansa. A 1935 suka kafa ƙungiyar bishara ga maƙwabtansu, suka buɗe tashar Yalve Sanga da makaranta da ɗakin magani, a 1946 aka yi wa mazan Enlhet bakwai baftisma. A 1951 suka buɗe asibitin kutare a gabashin ƙasar, a wurin da ake kira Kilomita 81, don gode wa Paraguay da ta karɓe su. Da 'yan ƙasa suka tashi neman filin noma nasu a farkon shekarun 1960, an sayi filaye an zaunar da iyalai da yawa. Waɗannan duka gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa wanda ya ba ka kaɗan daga abin da dā naka ne duka, ko da zuciya ɗaya ya bayar, ya bar ka da godiya mai ɗaci.

Arziki ya zo ne ta hanya da ciyawa. Tun shekarun 1930 suka haɗa kai a ƙungiyoyin gama-kai, saye tare, sayarwa tare, asusun marayu da na gobara tare, domin wanda ya ware a wannan daji ba ya kai baɗi. A 1961 hanyar mota da ta ratsa Chaco ta haɗa Filadelfia da babban birni Asunción, tafiyar kilomita 450 da dā sai an bi amalanke da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Aka shigo da irin ciyawar kiwo masu jure fari, waɗanda asalinsu daga Afirka ne, aka kawo katafila ta ture kurmi, shanu suka yaɗu. Madarar Trébol ta Loma Plata tana kan teburin gidajen Paraguay ko'ina, naman yankin yana fita ƙasashen waje. Makarantun da aka yi ƙaura dominsu su ma sun canza da hannun masu su: akwai sakandare, ana koyar da Sifaniyanci, jikoki na zuwa jami'a. Waɗanda suka ga canjin ya yi yawa suka sake ɗaura kaya, wasu zuwa Bolibiya tun shekarun 1950. A tsakiyar Chaco a yau 'yan asalin ƙasa sun fi masu jin Jamusanci yawa, da yawansu Menonawa ne masu coci-cocinsu da fastocinsu, suna waƙa da Enlhet da Nivaclé. Amma unguwanninsu na gefen gari, kuma galibinsu ma'aikata ne a gonakin da ba nasu ba.

Can arewa akwai Ayoreo, waɗanda suka ƙi kusantar kowa. A 1958, lokacin da masu neman man fetur suka kutsa ƙasarsu aka fara zubar da jini, wani matashin mai bishara daga Filadelfia, Kornelius Isaak, ya tafi neman su da kyaututtuka, hannunsa babu makami. Wani saurayi mai suna Jonoine ya soke shi da mashi, bai daɗe ba ya cika. Shekara 51 bayan haka, a watan Yulin 2009, Menonawan duniya kimanin 6,000 suka taru a Asunción, daga Habasha da Kongo da Indiya da Indonesiya da sauran wurare, domin yanzu yawancin masu wannan suna ba Turawa ba ne. A gaban taron Jonoine, ya tsufa, ya hau dandamali riƙe da mashi, ɗan'uwan mamacin Helmut Isaak ya tarbe shi, ya furta gafara, ya kira shi ɗan'uwa. Na yarda da gaskiyar wannan lokaci ɗari bisa ɗari. Jinin Dirk Willems ne ke gudana a cikinsa.

Sai dai mashi ɗaya ne, kuma an san wanda ya jefa. Dajin da ya tafi ba shi da mutum ɗaya da zai hau dandamali ya ce ni ne. Chaco na cikin wuraren da aka fi saurin share daji a duniya a wannan ƙarni, kuma masu sharewar sun haɗa da kamfanonin Brazil da attajiran Asunción da makiyayan Menonawa. A 2004 wasu Ayoreo 17 na reshen Totobiegosode suka fito daga kurmi, suka ce ƙarar katafila da rashin ruwa ne suka koro su, kuma sun bar dangi a ciki. Tun 1993 mutanensu suka shigar da buƙatar a mallaka musu kimanin hekta 550,000 na ƙasar kakanninsu. A 2016 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta nemi gwamnati ta tsayar da saran daji a wurin. An ba su wani yanki, saura kuma suna jira, a ƙofar gwamnatin ƙasar da ta rubuta wa baƙi daga Manitoba Doka ta 514 cikin 'yan watanni.